Idan maƙwabcinka Bajamushe ya ce "Hallo" ya wuce

A makonnin farko a Jamus, gaisuwa ce za ta fara sosa maka rai. Ka haɗu da maƙwabci a matakala, ka shirya tambayar kwana da gajiya da iyali, shi kuwa ya ce "Hallo", kafin ka buɗe baki ya rufo ƙofa. Kada ka kwana da abin a zuciya. Haka yake yi wa ɗan'uwansa Bajamushe. Tambayar lafiyar matar mutum ranar da kuka fara haɗuwa, a wurinsu shiga sharo ba shanu ne.

Akwai abubuwan da gyara su bai rage ka da komai ba. A gida sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. A nan mai ɗaukar aiki zai zaci akwai abin da kake ɓoyewa, don haka ka dube shi ido da ido. Ka koyi cewa a'a kai tsaye. Mu mukan ce "to, sai na gani" don kada mu kunyata mutum, Bajamushe kuwa ya riga ya rubuta ka a kalanda, in ba ka zo ba ka zama mara alkawari. Wanda ba ku saba ba ka kira shi da "Sie", wato "ku" na girmamawa, har sai shi ya ba ka izinin "du", wato "kai" na sabo.

Sunanka kuwa, da sallarka, da ƙin shan giya a walimar wurin aiki, ba sa cikin cinikin. Ina jin ciwo idan na ga Abdurrahman ya koma "Abi" don sauƙaƙa wa wasu. Ka maimaita musu sunan a hankali, za su iya. 'Yar'uwa da ba ta musabaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji, ki yi murmushi, ki faɗi dalili a jumla ɗaya. Janye hannu shiru shi ke sa mutum ya ji an wulaƙanta shi.

Abota tana jinkiri, kuma a ƙungiya ake ƙulla ta: kulob ɗin ƙwallon unguwa, ko ajin Jamusanci a Volkshochschule, wato makarantar koyar da manya. Zama da 'yan gida yana ɗebe kewa, amma shi kaɗai ba ya buɗe maka baki da Jamusanci.

Wariya ta gaskiya ma tana nan, musamman wajen neman haya da aiki. Wannan ba laifin harshenka ba ne. Tun 2006 akwai dokar da ta hana ta, kuma ofishin tarayya mai yaƙi da wariya a Berlin yana ba da shawara kyauta. Ka adana saƙonni da wasiƙu, domin wata biyu kacal dokar ta ba ka ka nemi haƙƙinka.