Kurakuran da na gaji da gani a zanen bayanai mai motsi

Duk zangon karatu sai wani cikin ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da ke nan Dahran ta Saudiyya ya turo mini zanen bayanai a GIF, wato hoto mai motsi, wai in duba masa kafin ya kai wa malami. Kuskuren bara shi ne na bana.

Babbansu shi ne sakin ma'aunin tsaye, wato jerin lambobin gefen zane daga ƙasa zuwa sama, ya riƙa daidaita kansa. Idan kana sake zana kowane firem (hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke motsi) daga farko, Matplotlib, manhajar zane ta Python, zai miƙe ma'aunin ya dace da lambar da ke gabansa kawai. Ɗauki adadin alhazai: a 2019 kusan miliyan 2.5 ne, a 2020 korona ta mayar da su kimanin 1,000, a 2021 kusan 60,000. In ba ka ɗaure ma'aunin ba, sandar 2020 za ta cika allo daidai da ta 2019, mai kallo ya tashi yana zaton komai lafiya lau. Ƙarya ce ka yi da hoto, ko da ba ka yi niyya ba. Ni wannan ya taɓa kunyata ni a gaban kwamiti, wani farfesa ya tsayar da ni ya ce in nuna masa shekarar annoba, na rasa ta. Haba jama'a, gyaran layin umarni ɗaya ne fa! Nemo lamba mafi girma a duk bayanan, ka ƙara mata kashi 10 cikin ɗari, ka ɗaure ma'aunin a kanta da set_ylim. Taswirar zafi ma haka: ka kafa vmin da vmax, wato iyakar ƙasa da ta sama ta ma'aunin launi, in ba haka ba jan watan Janairu zai yi kama da jan Agusta a Makka.

Na biyu ya shafe mu musamman a ƙasar nan. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko makamancin haka, shi ya sa an tsaya Arfa sau biyu a 2006, a Janairu da Disamba. Wanda ya jera firem da shekarar Miladiyya, ko ya haɗe Hajji biyu, ko ɗaya ya taka ɗaya. Ni da Hijira nake jerawa, in rubuta Miladiyya ƙanana a gefe. Kuma don Allah a rubuta shekarar a jikin kowane firem, mai kallo ba boka ba ne.

Sauran ƙanana ne. Sunan fayil: kwamfuta tana sa 10 kafin 2, sai ka rubuta 002 da 010. Kada ka ajiye firem da bbox_inches='tight', girmansu zai bambanta hoton ya riƙa rawa. Rufe kowane zane da plt.close, in ba haka ba ƙwaƙwalwar na'ura ta cika. Rubutun Larabci yakan fito a wargaje kuma a juye, manhajojin arabic_reshaper da python-bidi ke gyara shi. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa, bar su a salon rubutu na DejaVu Sans, don wasu salon akwati suke fitarwa a madadinsu.

Sauri ma ana wuce gona da iri. In shekaru ake nunawa, firem biyu a daƙiƙa ya ishe ni, sannan na ƙarshe in maimaita shi ya ɗan tsaya. GIF launi 256 kawai yake ɗauka a firem, ga nauyi, don haka in taswira ce mai launi da yawa, bidiyon MP4 nake fitarwa da manhajar ffmpeg, in tabbata faɗi da tsawon hoton duk lambobi ne da biyu ke rabawa, don kada ya ƙi.