Yadda Ake Kare Ma'aikata Daga Haɗari a Ƙaramar Masana'anta

Ko wurin matsar man gyaɗa kake da shi a Dakata, ko kamfanin roba a Sharaɗa, ko shagon walda mai yara biyar a bakin titi, ba sai ka jira ƙwararre ba kafin ka fara. Ranar da aiki ya kankama, ɗauki littafi da biro ka zaga wurin tare da ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa, don shi ya san injin da ke fisga da wayar da ke jan mutum. Duk abin da zai iya yanka, ƙonawa ko datse hannu, rubuta shi. Tambayi yaran, amma ban da faɗa. In ka yi faɗa yau, gobe ba mai sake gaya maka komai.

Daga nan sai inji, don a wurinsa ake rasa yatsu. Kowane bel da fanka a yi musu murfi, ko da na ragar ƙarfe ne da mai walda zai haɗa. Babbar riga, mayafi da dogon hijabi kada su kusanci bel. Masu injin niƙa sun san yadda yake naɗe tufa kafin ƙiftawar ido.

Abin da ni na fi tsoro shi ne ɗaukewar wuta. An ɗauke, inji ya tsaya, yaro ya zura hannu yana ciro abin da ya maƙale, kwatsam aka kawo wuta, makunni kuwa tun ɗazu a kunne yake. Saboda haka ka kafa doka: wuta na ɗaukewa, a kashe kowane inji. Wanda zai gyara ko ya share inji, shi da kansa zai sauke babban makunni, ya datse akwatin da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Ba mai buɗewa sai shi, ko da kai ne maigida. Janareta kuma a waje, inda iska ke kaɗawa, domin a hayaƙinsa akwai guba marar wari mai kashewa a rufaffen ɗaki.

Sai kayan kariya: gilashin walda, takalmi mai ƙarfe a baki, takunkumi saboda ƙura, da abin toshe kunne. In sai an ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, ƙarar ta kai wajen desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), kuma awa 8 kullum a cikinta na cinye ji, ba ya dawowa. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar ƙarfe da sinadari, amma kusa da abin da ke juyawa ita ce ke jawo hannun ciki. Kai za ka saya, kai za ka fara sawa.

Tanadi tukunyar kashe gobara mai hoda, ka koya wa kowa zare fil ɗinta. Ba a watsa ruwa ga wutar lantarki ko ta mai. Ƙofar baya kada a tare ta da buhuna. In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi minti 20, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai, sannan a wuce asibiti.

A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, kuma in ma'aikaci ya ji rauni a kai mata rahoto cikin kwana 7. Littafin nan da ka fara da shi, a ciki za ka riƙa rubuta kowane rauni, har da wanda saura ƙiris ya faru. Duk Litinin da safe, kafin a ta da inji, a tsaya minti 10 a karanta abin da aka rubuta a makon jiya.