Yadda Ƙungiyarku Za Ta Taimaka wa Jama'a Su Yi Rajistar Zaɓe

'Yan ƙungiyoyi sun yi ta tambayata ta ina za su fara. Ga matakan:

1. Ku tambayi hukumar zaɓe ranar rufe rajista.
2. Ku rubuto takardun shaidar da ake buƙata.
3. Ku bi gida-gida ku ɗauki sunayen waɗanda ba su yi ba, musamman matasan da suka cika shekara 18, wadda ita ce ƙa'ida a yawancin ƙasashe.
4. Ku tanadi abin hawa don tsofaffi da masu naƙasa. Wannan ya fi damuna, domin sau da yawa niyyar tana nan, nisan ne ke hana su.
5. Ku raka wanda bai iya karatu ba.

Hattara: kowa ya duba sunansa da ranar haihuwarsa kafin ya tashi. Kuskuren harafi ɗaya kan jawo wahala ranar zaɓe. Wanda ya sauya mazauni kuwa ya nemi sauyin rumfa, kada ya sake rajista.

6. Ku bar hular jam'iyya a gida.
7. Idan an kafe jerin sunaye, ku kira kowa ya je ya duba nasa.