Darasi na Bakwai: Idan Hoton Kwamfuta Ya Rikice

Wata ɗalibar ajinmu na yamma tana da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada. Ranar wata Litinin ta shigo aji ranta a ɓace. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, kwamfutata ta haukace. Farar takarda ta koma shunayya, rubutu sai rawa yake yi, ga mutane sun bar mini aiki."

Na ce, "Hajiya, kin nuna wa wani?"

Ta ce wani mai gyara ya duba, ya ce sai an goge komai an sake zuba Windows, in abin bai yi ba kuma a sayi sabuwar monita.

Washegari bayan la'asar na biya ta shagon. Na leƙa bayan kwamfutar, na zare kebul mai shuɗin kai, na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ƙananan fil ɗin da ke cikin kansa suna tsaye a jere, sai guda ɗaya da ya kwanta ya jingina da ɗan uwansa. Muka aro kebul a shagon maƙwabci, muka jona. Fari ya dawo fari. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu Malam, saboda wannan ɗan abin za a share mini takardun mutane?"

Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki, kuma kullum ana yin sa. Abin yana ci mini rai, domin waɗanda ake yi wa asarar su ne masu ƙaramin jari. Burina a wannan darasi ku iya gano inda ciwon yake kafin ku ciro ko kwabo.

Hanyar da hoto yake bi

Hoton da kuke gani ba a monita ake haɗa shi ba. A cikin akwatin nan da muke ce wa sifiyu ake haɗa shi, a wani sashe mai suna katin hoto. Wani katin a manne yake da uwar allon kwamfuta, wato babban faifan da sauran kayan ciki suke jone da shi, wani kuma daban ake soka shi, har da 'yar fankarsa. Kamfanoni uku ne suka fi yin sa: Intel, Nvidia da AMD. Daga katin hoton zai bi ta kebul ya isa monita.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani, wato direba. Ba mutum ba ne, 'yar manhaja ce. Aikinsa aikin tafinta ne tsakanin Windows da katin hoto. Idan tafinta ya tsufa, ko aka kawo wanda bai iya yaren ba, sai magana ta cakuɗe.

Ke nan masu laifi huɗu ake tuhuma: monita, kebul, kati da direba. Mu fara da wanda binciken sa ba ya cin kuɗi.

Kebul da monita

Ku kashe kwamfuta, ku zare kebul ta ɓangarorin biyu. Mai shuɗin kai da noti biyu sunansa VGA. Tsoho ne, tun 1987 kamfanin IBM ya fito da shi, amma har gobe shi ne a yawancin kwamfutocin Beljiyam da ake saye a Kaduna. Ramukansa 15 ne, layi uku. Idan kun ƙirga fil 14 a kan kebul kada ku tsorata, wasu haka ake yin su. Ja da kore da shuɗi kowanne da nasa fil. Na Hajiya na kore ne ya lanƙwashe, shi ya sa ja da shuɗi suka haɗu suka ba da shunayya. Da na ja ne, da hoton ya koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Ku mayar da kebul a hankali, ku murɗa notin biyu da yatsa har su kama. Siririn nan mai suna HDMI ba shi da noti, saboda haka ko shara ake yi aka ja tebur yana iya sassautawa.

Ga wani kuskure da na sha gani. Idan kwamfuta tana da kati na daban, za ku ga wurin jona kebul biyu a baya, ɗaya sama kusa da na kibod, ɗaya can ƙasa a kwance. Na ƙasan shi ne na katin, nan ake jonawa.

Ita kuwa monita tana iya ba da shaida a kan kanta. Ku danna maɓallin da aka rubuta Menu a jikinta. Ɗan akwatin rubutun da zai fito, monitar ce take zana shi da kanta, babu ruwan kwamfuta. In ya fito tsaf alhali sauran hoton a rikice yake, ba ita ba ce. In shi ma layuka sun ratsa shi, to ita ce. Idan kuma hoto ya karkace gefe ko rubutu ya yi dishi-dishi a kan VGA, ku danna maɓallin Auto, ku ba ta 'yan daƙiƙu ta daidaita kanta.

Yaushe rikicin yake farawa?

Wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci, ku riƙe ta da kyau. Ku kunna kwamfuta, ku zuba wa monita ido tun daga farko. Abin da ke fara fitowa shi ne tambarin kamfani, HP ko Dell ko Lenovo. A wannan lokaci Windows bai tashi ba, direba ma yana barci. Idan tun a kan tambarin kuka ga layuka ko ɗige-ɗige masu launi, direba ba shi da laifi, kuma ko sau goma aka sake zuba Windows ba abin da zai canza. Ciwon na ƙarfe ne: kebul, monita, kati ko ram, wato siririn faifan da kwamfuta take ajiye abin da take aiki a kai na ɗan lokaci. Idan kuwa tambarin ya fito garau, sai da Windows ya buɗe sannan hoto ya dagule, a nan ne za mu juya kan direba.

Duk mai gyaran da ya ce a goge kwamfuta bai tsaya ya kalli wannan ba, ku ce masa cikin mutunci, "Oga, mu kunna mu ga tambarin tukuna."

Gyaran direba

A Windows 10 da 11 akwai gajeriyar hanya. Ku danna maɓallai huɗu tare: mai tambarin Windows, da Ctrl, da Shift, da harafin B. Za ku ji ɗan ƙara, fuskar ta ƙifta sau ɗaya. Kun tashe direban ke nan ya sake kama aiki. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai a shiga abin da ake kira Safe Mode. A can Windows yakan ajiye direban katin gefe, ya yi aiki da wani ɗan sassauƙa nasa. Ku riƙe Shift, ku danna Restart. Shuɗin shafi zai fito. Ku zaɓi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart, sannan ku danna lamba 4. Kalmomin da Turanci suke a fuskar kwamfuta, saboda haka ku kwafe su a littafinku harafi-harafi, ku riƙa gwada su da abin da kuke gani. Masu Windows 7 nasu ya fi sauƙi: ana kunnawa sai a yi ta danna F8. Idan hoto ya yi kyau a Safe Mode, ko da 'yan hotunan da ake dannawa sun yi manya-manya, zargin direba ya yi ƙarfi.

Yanzu, a Windows 10 da 11, ku danna hannun dama na maus a kan tambarin Windows da ke ƙasa, ku zaɓi Device Manager. A cikin jerin ku nemi Display adapters, ku buɗe shi. Sunan katinku ne a ƙarƙashi. Ku danna shi sau biyu, ku shiga shafin Driver. Ku tuna baya: shin matsalar ta fara ne bayan kwamfuta ta sabunta kanta, ko bayan wani yaro ya zuba mata wani abu? In haka ne ku danna Roll Back Driver, zai dawo da tsohon direban da kuke zaune lafiya da shi. In wannan maɓalli ya dushe ba ya dannuwa, ku danna Uninstall device, ku sake kunna kwamfuta, Windows zai ɗora wani da kansa.

Wani lokaci maimakon Intel ko Nvidia ko AMD za ku ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter. Ma'anarsa ba direban gaskiya ke aiki ba, da na aro ake tafiya. Alamarsa hoto ya baje, da'ira ta koma kamar ƙwai, bidiyo yana tafiya yana tsayawa. Ku duba takardar da ke manne a jikin sifiyu, ku kwafi lambar samfurin, ku sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Ina roƙon ku, ku guji tallace-tallacen intanet masu cewa za su gyara muku duk direbobi da danna ɗaya. Ta nan ake kwaso cuta.

Sai batun girman hoto. Kowace monita da ma'auninta. Tsofaffin nan masu kusurwa huɗu, inci 17 ko 19, galibi 1280 sau 1024 ne. Masu faɗi kuma akwai 1366 sau 768, akwai 1920 sau 1080. Ku danna hannun dama a fili, ku shiga Display settings, ku zaɓi wanda aka rubuta Recommended a gabansa. Idan kun zaɓi wanda ya fi ƙarfin monita ta yi baƙi, ku ɗauke hannu kawai. Bayan daƙiƙa 15 Windows zai koma inda yake.

Ƙura, zafi da wuta

Akwai kwamfutar da za ta tashi lafiya da safe, sai rana ta take ko an kunna bidiyo ta fara zubo layuka. Wannan zafi ne. Hunturun Kaduna yakan cusa ƙura ta toshe fanka, kafin a ankara zafin Maris da Afrilu ya iso ya same ta a toshe. Na taɓa buɗe wata a Rigasa, na zaro ƙura daga fankar katin a dunƙule kamar audugar katifa.

Ku zare wuta daga soket, ku danna maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta fita, ku taɓa ƙarfen akwatin da hannu, sannan ku share da busasshen burushi mai laushi ko bulowa. Ku dafe fanka da yatsa lokacin hurawa. Ban da tsumma mai ruwa, ban da hurawa da baki. Katin da ke manne da uwar allo daga ram yake aron wurin aiki, don haka ram da ya sassauta yana iya rikita hoto. Ku buɗe maƙallan gefensa biyu, ku zare shi, ku mayar har ku ji ƙas.

Idan rawar hoto ba ta zuwa sai an tayar da janareta ko wutar NEPA ta yi ƙasa, sitabilaiza kuke bukata, ba mai gyara ba. Abu biyu kuma kada ku kuskura ku buɗe: cikin monita, da ƙaramin akwatin wuta da ke cikin sifiyu. Suna riƙe wuta ko an zare su daga soket. Waɗannan, da katin da ya ci gaba da zubo layuka a kan tambari bayan an canza kebul da monita, su ne na kai wa mai gyara.

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya leƙa bayan kwamfutar gidansu ko ta wurin aiki, ya rubuta irin kebul ɗin da ke jone da launin kansa. Ya buɗe Device Manager, ya kwafo sunan katin hoton a littafinsa. Wanda ba shi da kwamfuta ya zo da wuri, mu duba ta aji tare. Zan zo da tsohon kebul ɗin Hajiya, kowa ya riƙe shi ya nemo fil ɗin da ya kwanta.