Shawara ga masu shirin WAEC kan kalmomin Turanci

Salam 'yan uwa, musamman ƙannenmu masu shirin WAEC, don Allah ku daina haddace kalmar Turanci da ma'ana ɗaya tal, wallahi nan ake asarar maki. Ku ɗauki "fine", kowa ya san lafiya lau ne, amma in kotu ta ce a biya fine to tara ce. "Charge" ma ta fi rikici, cajin waya ne, kuɗin da banki ke cirewa ne, tuhumar da ake wa mutum a kotu ce, sannan wanda yake in charge shi ke riƙe da wajen.

To a jarabawa fa cewa ake ku kawo kalmar da za ta maye gurbinta yadda ta zo a cikin labarin. Don haka ku karanta jimlar gaba ɗaya tukuna, ku duba suna ce ko aikatau, in kun buɗe ƙamus kuma kar ku tsaya a lamba 1, ku sauka ƙasa ku ga misalan. Sai ku saka amsarku cikin jimlar ku ji ko ta zauna daidai.