Yadda Ake Gane Furen Aster alpinus a Tsaunukan Alps

Wanda ya hau tsaunukan Alps na Turai tsakanin Yuni da Agusta zai iya cin karo da Aster alpinus, tsiron da yake sake tohowa daga saiwarsa kowace shekara a makiyayar kan tsauni. Da farko a duba tsayinsa, domin da wuya ya wuce santimita 30, kuma kowane kara fure ɗaya tak yake ɗauka. Tsakiyar furen rawaya ce, kewayenta kuwa shunayya. Ganyen gindi ya fi na sama faɗi, kuma yana da gashi-gashi. Wanda ya fi rikita mutane shi ne Erigeron, wani tsiro mai kama da shi, mai siraran kunnuwan fure kamar zare, saboda haka a durƙusa a duba da kyau, ba sai an tsinke shi ba.