Yadda za ka hana kwastomominka bin wayar ma'aikaci

Ma'aikacin da ke tara abokan hulɗa a WhatsApp, Facebook da LinkedIn sunan kansa yake ginawa. Ba laifi ba ne. Matsalar tana fitowa ranar da ya bar shagonka a unguwar Aboabo ya koma wani a Adum, duk a birnin Kumasi na Ghana, lambobin kwastomomi duk suna cikin wayarsa.

Da farko, sayi layi na kamfani, ka yi masa rajista da sunan kamfanin ko naka, kada ka yarda a yi da Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) na yaron shago. Wanda sunansa ke kan layi, shi kamfanin waya ya sani. Ɗora WhatsApp Business a kai, ka kunna lambar sirri mai alƙaluma 6, ka riƙe ta kai kaɗai. Manhajar tana ba da damar haɗa wasu na'urori har 4, saboda haka ma'aikata za su iya amsa saƙo ba tare da layin ya bar hannunka ba. Wanda ya ajiye aiki, cire na'urarsa a ranar.

Kuɗi ma haka. A biya ta asusun MoMo (tura kuɗi ta waya) na 'yan kasuwa. Da zarar kwastoma ya saba tura sidi zuwa lambar ma'aikaci, ciniki na gaba da shi zai yi, wataƙila da kayan wani ma.

A Facebook, ka ba kowane ma'aikaci izinin shiga shafin kamfani ta asusunsa, kada a raba kalmar sirri ɗaya.

Sai ka rubuta ƙa'ida, shafi ɗaya ya isa: ba a ɗora farashin sari, hoton rasit, sunan mai kawo kaya ko kayan da ba su iso ba. Lambobi da hotunan katin shaidar kwastomomi kuwa suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, kuma idan suka fita kamfani za a fara tuhuma. Karanta wa ma'aikata ƙa'idar da Hausa ko Twi, kowa ya sa hannu.

Hana waya ɗungurungum ba ya aiki, ɓoyewa kawai za su koma yi. Haka kuma kada ka binciki wayar mutum ta kansa. Idan an karya ƙa'ida, fara da gargaɗi a rubuce, domin korar da ba ta da hujja tana iya kai ka gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2003, Act 651.